Ƙahon Wanzami da Wuƙar Likita: Tarihin Neman Cire Ciwon Baya

Mutumin da ya sayar da gona ko fuloti ya biya kuɗin tiyatar ƙashin baya, a Kano ne ko Alƙahira ko Indiya, sannan bayan wata shida ya ga ciwon yana nan daram, ba ya rasa masu ba shi shawara. Kafin ya gama kora bayani wani a cikin masu dubiya zai ce masa, "Alhaji, ka gwada ƙaho kuwa?" Da yawa suna gwadawa. Likitoci kan ɗauki wannan a matsayin koma baya, masu ƙaho kuma su ɗauke shi a matsayin shaida cewa asibiti ya gaza, gaskiya tana wajen iyaye da kakanni. A ganina duka ɓangarorin biyu ba su karanta tarihin sana'arsu da kyau ba. In da sun karanta, da sun ga cewa wanzami da likitan fiɗa sun daɗe suna tafiya a kan zato guda, wato cewa ciwo wani abu ne da ya maƙale a jiki, in an ciro shi an huta. Wannan zaton gaskiya ne a kan ƙurji da ƙaya da ruɓaɓɓen haƙori. A kan ciwon bayan da ya shekara yana cin mutum kuwa, sau da yawa ba gaskiya ba ne, kuma darajar ƙaho ta haƙiƙa tana wani wuri dabam da inda masu tallarsa suke nunawa.

Ƙaho ba Bahaushe ne ya ƙago shi ba, kuma ba daga Larabawa ya faro ba. A tsohuwar Girka ƙoƙon tsotsar jini ya zama alamar sana'ar likita, har ana sassaƙa hotonsa a kan kabarin likitoci. Marubucin nan na Rum, Selsus, wanda ya rayu a ƙarni na 1 na Miladiyya, ya bayyana iri biyu a littafinsa na magani: na tagulla, wanda ake jefa wuta a ciki don ya kama fata, da na ƙahon dabba mai 'yar ɓula a tsininsa, wanda ake zuƙe iskarsa da baki a toshe da kaki. Duk wanda ya taɓa zama a gaban wanzami zai gane wannan bayanin nan take, domin kusan shekara dubu biyu ba su canja wani abu mai yawa a cikinsa ba. A ƙasar Sin ma tsohon sunan wannan aiki yana nufin dabarar ƙaho ne, tun kafin a koma amfani da gora da gilashi. Al'ummomin da ba su san juna ba sun dace a kan kayan aiki ɗaya, kuma sun dace a kan dalili ɗaya: jini ya yi yawa ko ya ɓaci, ya taru a wani sashe na jiki, dole a rage shi.

Musulunci ya tarar da hijama a hannun Larabawa, ya kuma ba ta matsayin da ya raya ta har yau. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya biya wanda ya yi masa ladan aikinsa. Cikin masu yi masa akwai Abu Ɗaiba. Manzon Allah ya lissafa ƙaho tare da zuma cikin abubuwan da ake samun waraka da su, ya kuma nuna rashin son lalas da wuta. Akwai ruwayoyin da suka fifita ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Abin da ake yawan mantawa shi ne yadda malaman da suka biyo baya suka riƙe wannan gado. Abul Ƙasim Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe wa aikin hannu kashi na ƙarshe cikin kashi 30 na littafinsa Attasrif, inda ya fayyace wuraren da ake kafa ƙaho, da wanda ya dace a yi wa, da wanda bai dace ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ɗaure amfanin ƙaho da yanayin ƙasa da lokaci da shekarun majinyaci da irin cutarsa, yana ganin ya fi dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi. Babu ɗayansu da ya ɗauke shi maganin kowace cuta ga kowane mutum. Sun ɗauke shi aikin likitanci ne mai sharuɗɗa, wanda ake iya yi daidai, ake kuma iya kuskurewa.

A ƙasar Hausa aikin ya faɗa hannun wanzamai, kuma a nan ne ya samu siffar da ta fi dacewa da nazarinmu. Wanzanci sana'ar gado ce, ɗa ya koya wajen uba yana ɗaukar masa zabira, kuma tana da sarautarta, Sarkin Aska ko Magajin Aska, a fadojin sarakuna. Wanzami shi ne mai askin suna, shi ne mai cire beli, shi ne mai tsagar gado da kaciya, shi ne kuma mai ƙaho. Ke nan iyali ɗaya suna iya zama da gidan wanzamai ɗaya tun daga kaka har jika. In manomi ya zo da ciwon baya ko na kwankwaso, wanzami zai zaunar da shi a inuwa, ya shafa wurin da ruwa, ya kafa ƙahon saniya, ya zuƙe iskar, ya toshe ɓular da jijiyar da ya tauna. In fata ta taso sai ya cire, ya tsattsaga ta sama-sama da aska, ya mayar da ƙahon. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi ya juye abin da ya taru, baƙi ƙirin, a daskare, ya nuna wa mai shi: ga mataccen jinin da ke damunka. An fi yin wannan da bazara, lokacin da ake cewa jini yana tashi, kuma manoma da yawa sukan yi shi kafin faɗuwar damina don su shiga aikin gona da sauƙin jiki.

Akwai abu biyu a cikin wannan al'ada da suke karo da juna, kuma karon nasu shi ne zuciyar maganar. A baki, wanzami yana cewa ya cire cutar. A aikace kuwa, shi da majinyacin duk sun san za a sake haɗuwa baɗi, ko ma kafin baɗi. Ba a ji manomi ya kai ƙarar wanzami gaban Sarkin Aska don bayansa ya sake ciwo bayan girbi ba, domin ba a taɓa yin alkawarin rabuwa da ciwon har abada ba. Al'adar ta ɗauki ciwon baya a matsayin abokin zaman mai noma da mai dako da mai daka, abin da ake lallaɓawa, a rage masa kaifi, a ci gaba da aiki. Kuɗin kaɗan ne, raunin na fata ne kawai, mai yin aikin sananne ne, yana tambayar iyali, yana sauraron koke. Bayanin mataccen jini kuwa bai tsaya ba da aka auna shi. Duk jinin da ya fita daga jiki ya zauna a ƙoƙo zai daskare ya yi duhu, ko daga bayan mai ciwo aka ɗebo shi ko daga na mai lafiya. Ƙwayoyin jini ja suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma saifa da hanta ne suke kawar da tsofaffinsu, ba taruwa suke yi a ƙarƙashin fatar baya ba. Saboda haka bayanin wanzami kuskure ne, amma tsarin da ya bi da majinyacinsa ya fi bayanin nasa hikima nesa ba kusa ba.

Turawa sun riƙe zato irin na wanzami har zuwa ƙarni na 19, kuma sun wuce shi ɓarna, domin su jijiya suke tsagawa su zubar da jini kwano-kwano. A shekarar 1833 kaɗai Faransa ta shigo da matsattsaku sama da miliyan 40 don tsotsar jinin marasa lafiya. Abin da ya fara karya wannan al'ada shi ne ƙidaya. Wani likita a Faris, Pierre Louis, ya bi bayanan mutum 77 masu ciwon huhu, ya kwatanta waɗanda aka zubar wa jini da wuri da waɗanda aka jinkirta wa, ya wallafa a 1835 cewa amfanin bai kai yadda ake zato ba, mace-mace ma sun fi yawa cikin na farkon. Daga nan likitancin Turai ya fara koyon darasin da ya zama ƙashin bayansa, cewa jin sauƙin majinyaci ɗaya ko goma ba hujja ba ne, sai an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba.

Sai dai a kan ciwon baya, likitancin zamani ya sake faɗawa ramin da ya fito. A 1911 likitoci biyu a birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da dabararsa, suka fara haɗe ƙasusuwan baya don ceton waɗanda tarin fuka ya cinye wa ƙashi, kuma wannan aiki ne na ceton rai. A 1934 William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana iya fashewa ya danne jijiya, ciwo ya sauka ƙafa, kuma in an ciro guntun da ya fito ana samun sauƙi. Gaskiya suka faɗa, kuma har yau wannan tiyata tana taimakon waɗanda ta dace da su. Matsalar ta zo ne da aka faɗaɗa ta, aka mai da faifan guringuntsi mai laifi a kusan kowane ciwon baya. Likita ya samu nasa mataccen jinin, abin da zai ciro ya sa a kwalba ya nuna wa dangi. Da na'urar hoton MRI ta zo sai abin ya ƙaru, domin yanzu ana ganin kowane ɗan kumburi. A 1994 wani bincike da aka wallafa a Amurka ya ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya bulluƙo, kashi 36 cikin ɗari ne kawai duk fayafayansu suke lafiya lau. A 2005 kuma wani gwaji a Birtaniya ya raba mutum 349 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida biyu, wasu aka yi musu tiyatar haɗe ƙashi, wasu aka sa su a tsarin motsa jiki da horo mai tsanani. Bayan shekara biyu bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne.

Yawan waɗanda suka fito daga ɗakin tiyata da ciwonsu ya sa har aka raɗa wa halin suna a littattafan likitanci, sunan da ke nufin tiyatar baya da ta gaza, kuma ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari, gwargwadon irin aikin. Dalilan suna da yawa. Wani tabo ne ya naɗe jijiya, wani faifan ne ya sake fashewa, wani gaɓar da ke kusa da inda aka haɗe ce ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, wani kuma tun farko abin da aka cire ba shi ne tushen ciwon ba. Bayani mafi muhimmanci ya fara fitowa ne a 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wanda ke ƙara ko rage saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma taɓawa da matsi a fata suna iya tura ƙofar ta rufu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa in ciwo ya daɗe, jijiyoyi da laka kansu suna ƙara saurin jin zafi, har su ci gaba da kuka bayan raunin ya warke, kuma rashin barci da fargaba da baƙin ciki suna rura wutar. Irin wannan ciwo ba a kama shi da hantsaki, ba a kuma zuƙo shi da ƙaho. Ciwo ne na gaske, mai hana barci da sallah a tsaye, amma ba shi da wani ƙulli guda da za a ciro.

Wannan ilimi ya bayyana dalilin da ya sa mutane suke jin sauƙi bayan ƙaho, da tausa, da gashi da ruwan zafi, da allurar Sinawa, ba tare da an nemi mafaka a wajen mataccen jini ba. Matsi da ɗan zafin tsaga suna danne tsohon ciwo na wani lokaci, tsokar da ta ɗaure tana saki, hankalin da ya tashi yana kwanciya a hannun wanda aka yarda da shi. Gwaje-gwajen da aka yi sun tafi a kan wannan layi. A Iran a 2009, da Saudiyya a 2015 da mutum 80, an tarar waɗanda aka yi wa ƙaho mai tsaga sun fi jin sauƙi a kan waɗanda ba a yi musu ba, amma kowa ya san rukunin da yake ciki, don haka ba a raba aikin ƙaho da aikin sa rai ba. A Barazil a 2021 an gwada busasshen ƙaho da na bogi, wanda ba ya tsotsa, a kan mutum 90, sakamakon ya zo ɗaya. A Jamus a 2007 an yi babban gwaji da mutum 1,162 a kan allurar Sinawa: kusan kashi 48 cikin ɗari sun samu sauƙi da ta ainihi, kashi 44 da ta bogi, kashi 27 kacal da kulawar asibiti da aka saba. Waɗannan gwaje-gwajen ƙaho an yi su ne a kan masu ciwon baya na gama-gari, saboda haka wanda aka riga aka yanka bayansa aka sa masa ƙarafa bai kamata ya ɗauka sakamakon nasa ne kai tsaye ba.

Likita zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, abin da bai fi na bogi ba yaudara ne, a hana shi. Ban yarda ba. Alƙaluman Jamus kaifi biyu ne da su, domin sun nuna na bogin ma ya fi kulawar asibiti da tazara mai yawa, wato lokacin da aka ba majinyaci, da hannun da aka ɗora masa, da sauraron da aka yi masa, suna da nasu aikin da rubuta takardar magani cikin minti uku ba ta yi. Kuma dole a tambayi abin da za a ba shi a madadin. Tiyata ta biyu da ta uku nasararsu tana raguwa, haɗarinsu yana ƙaruwa. Na'urar da ake dasawa kusa da laka tana aika wutar lantarki, wadda Norman Shealy ya fara gwadawa a 1967, tsadarta ta fi ƙarfin talaka, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta yi a 2023 ba ta samu hujjar amfaninta mai ɗorewa a ciwon baya ba. Magunguna masu sa maye kuwa mun ga abin da suka yi wa Amurka bayan fitowar OxyContin a 1996, mun kuma ga abin da taramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. A gefen waɗannan, ƙahon da aka yi da tsafta abu ne mai sauƙin illa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a ƙarshen 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, motsa jiki da wayar da kan majinyaci da tausa da kula da halin zuciya ta sa a gaba, ta kuma ja kunne a kan magunguna masu sa maye.

Mai ƙaho shi ma zai ce, sunna ce, wa ya isa ya auna ta da gwajin Turawa? Amsar tana cikin tarihin da aka ambata a sama. Kasancewar ƙaho sunna bai hana Zahrawi da Ibnul Ƙayyim tambayar wa ya dace da shi, yaushe, kuma a kan wace cuta ba. Abin da ake aunawa shi ne da'awar mai shago cewa zai mayar da faifan guringuntsi mazauninsa, ko ya narkar da tabon tiyata, ko ya warkar da shanyewar ƙafa a zama bakwai. Wannan da'awar tasa ce, ba ta hadisi ba ce, kuma laɓewa a bayan addini don a sayar da ita zalunci ne ga majinyaci da addinin baki ɗaya. Abin damuwa a sababbin cibiyoyin hijama da suka bazu a biranenmu, da kofunan roba da famfon hannu da tallace-tallace a rediyo da Facebook, shi ne sun kyautata tsafta a wurare da dama, amma wasunsu sun watsar da tawali'un tsohon wanzami sun ɗauki alkawarin likitan fiɗa na shekarun baya, wato a biya kuɗi mai yawa a rabu da ciwo gaba ɗaya. Wanda tiyata ta riga ta cinye masa gona shi ne ya fi kowa saurin faɗawa wannan tarko, don ya riga ya saba da neman abu guda da za a cire.

Tsohuwar sana'ar ma tana da nata laifin da ba za a rufe ba. Aska ɗaya da ƙaho ɗaya a jikin mutum goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, kuma goge aska da tsumma ko ruwa ba ya kashe su. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ƙarancin jini, tsaga tana iya jawo musu abin da ya fi ciwon bayan muni, haka nan kafa ƙaho a kan tabon tiyatar da bai gama warkewa ba. Mafi haɗari shi ne jinkiri. Ciwon bayan da ya zo da raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko zazzaɓi da rama, yana iya zama jijiya ce ta matse ko ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, kuma tarin fuka na ƙashin baya bai ƙaura daga ƙasarmu ba. Irin wannan majinyaci wurinsa asibitin ƙashi ne, irin na Dala a Kano wanda yake aiki tun 1959, kuma a ranar, ba bayan an gama zagayen masu magani ba. Saudiyya ta riga ta sa hijama ƙarƙashin lasisin ma'aikatar lafiya, da horo da sharuɗɗan tsafta. Wanzamanmu suna da shugabanci na gado wanda hukuma za ta iya bi ta kansa, abin da ƙasashe da yawa ba su da shi.

Saboda haka kiran yana kan ma'aikatun lafiya na jihohi da sarakunan aska su zauna tare, su wajabta reza sabuwa da kofi sabo ga kowane mutum, su koya wa wanzamai da masu hijama alamomin da ke wajabta tura majinyaci asibiti, su kuma hana tallar warkar da abin da ƙaho ba ya warkarwa. Likitocin ƙashi su riƙa gaya wa majinyaci gaskiyar abin da tiyata za ta iya da wanda ba za ta iya ba kafin ya sa hannu a takarda, in kuma ya dawo da ciwo su tambaye shi abin da yake gwadawa a gida ba tare da tsawa ba. Kai kuma mai ciwon, in likitanka ya duba ya tabbatar babu abin gaggawa, kuma ƙaho yana ba ka sauƙin sati biyu ko wata, ka yi shi a hannu mai tsafta, ka yi amfani da sauƙin wajen tafiya da motsa jiki da komawa sana'arka, kada ka sayar da sauran abin da ya rage maka don wani ya ce zai ciro ciwon ya nuna maka a kofi.